Furar da na tallata wa mutanen Legas

Shagona na fura da kindirmo yana wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, ɗan ƙarami ne, firiza biyu da benci ɗaya. Wani ƙanena ne ya fara nuna mini shuɗin maɓallin nan na ƙarƙashin hoto a Facebook, wanda aka rubuta Boost a jikinsa. Ya ce, "Yaya, sa kuɗi kaɗan kawai, duniya ta san da kai." Kalmar duniyar nan ita ta ruɗe ni. Da aka zo wurin zaɓen waɗanda za su ga tallar, sai na danna Najeriya gaba ɗaya, na zuba naira dubu 15, na gyara zama ina jiran layi.

Kwana uku wayata ba ta huta ba. Wata daga Legas ta ce hoton ya tuna mata da gida. Wani daga Fatakwal ya tambaya ko ina aikawa. Fura fa da kindirmo, abin da in ya yi awa biyu a rana ya fara tsami! Duk cikin masu yabon nan babu wanda ƙafarsa ta tako shagon. Kuɗin suka ƙare, na tashi da laik ɗari-ɗari da aljihu wayam.

To ƙannena masu shirin fara sana'a, ga abin da ban sani ba a lokacin. Facebook idanun mutane yake sayar maka, kuma inda ka nuna masa nan zai kai tallar. In ka ba shi ƙasa sukutum, zai kai ta inda jama'a suka fi yawa kuma danna hoto ya fi araha. Amma a wurin zaɓen nan akwai taswira. Kana iya dasa alama a kan shagonka, ka zana da'ira kewaye da shi, daga wajen kilomita 1 har zuwa 80. Ku kula da sunan Katsina ma, don akwai jiha akwai birni. In ka ɗauki jiha, tallarka ta tafi Funtuwa da Malumfashi. In ka ɗauki birni ba ka taɓa da'irar ba, takan zo da faɗi har ta kwaso Kaita da Rimi.

Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu shi ne kuɗin acaɓa. Nakan tambayi kaina: daga ina mutum zai yarda ya hau mashin saboda furar naira dubu ɗaya? Amsar ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4. Tela mai aikin hannu ko mai sayar da shadda yana iya buɗe tasa da'irar, don mutumin Daura zai yi tafiyar kilomita 80 saboda ɗinkin Sallah in ya yarda da hannunka. Mai fura, mai aski, mai wankin mota, mu namu na unguwa ne.

Da na gyara da'irar sai na sake wani wauta: na rubuta tallar da Turanci, wai don a ga wayewa, na kuma ɗauko hoton kofin gilashi daga intanet. Adireshi kuwa lamba da sunan titi na sa. Wa ke bin lambar gida a Katsina? Mu da kwatance muke tafiya. Ranar da na rubuta da Hausa cewa in ka baro shataletale ka wuce gidan mai, shago ne mai ɗorawar ƙofa kusa da mai shayi, na kuma ɗauki hoton ƙofar da kaina tare da ƙwaryar da muke damu a ciki, a ranar wani ya shigo yana duba wayarsa yana duba ƙofar. Ku sa shagonku a Google Maps ma, kyauta ne. Ku haɗa tallar da maɓallin WhatsApp, ku kuma amsa saƙo da wuri, don mai jin ƙishirwa ba ya jiran gobe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na watan azumi. Na sa talla cewa duk wanda ya nuna hoton nan a wayarsa za a ƙara masa kindirmo kyauta. Ban faɗi mutum nawa ba, ban faɗi ƙarfe nawa za a rufe ba. Bayan la'asar, lokacin da kowa ke kwance yana latsa waya yana ƙirga mintoci, tallar ta kama. Kafin ƙarfe 6 an kwashe komai, har na gindin roba. Ana saura kaɗan a kira sallah sai ga wani dattijo ya sauka daga Keke Napep da jikokinsa biyu, daga Filin Samji, yarinyar riƙe da kwanon sha. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ta ƙare." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai kai ka kira mu." Ya juya ya tare wani Keken. Kwanon nan da yarinyar ta koma da shi ba komai ciki, har yau ina ganinsa.

Nan ne tallar kusa ta bambanta da ta nesa. Mutumin Legas in ya ji haushinka, ya wuce hotonka, shi ke nan. Wanda ke cikin da'irarka kuwa, da shi za ku haɗu a sahun Juma'a, matarsa ta san gidanku, kuma labarin zai riga ka isa majalisa. Yanzu in zan yi rangwame nakan rubuta: mutum 30 na farko, yau kaɗai, daga la'asar zuwa ƙarfe 6. Kaya na ƙarewa nake tsayar da tallar, ko da kuɗina bai ƙare a ciki ba.

Batun lissafi kuma, ku tuna ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin talla, ku sa shi cikin kasafi. Ni ban ƙara ƙirga laik ba. Akwai littafin makaranta a kan firiza, duk baƙuwar fuskar da ta shigo yaron shago zai tambaya, "Ina kuka ji labarinmu?" ya ja layi ɗaya. Mu kuma roƙi lambarsa ya adana tamu, domin sitatus na WhatsApp sai wanda kuka adana lambar juna yake gani, kuma awa 24 yake yi ya ɓace. Wannan ba a biyan ko sisi.

Littafin ne ma ya nuna mini cewa in jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin Hassan Usman suka tafi hutu, layukan Asabar kan ragu sosai. Makonnin nan ba na sa kuɗi a talla, sitatus kawai nake ɗorawa, in rage yawan geron da ake kai wa niƙa.