Godiya Ga Waɗanda Suka Ceto Bayanan Makarantarmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, babbar kwamfutar ofishinmu ta dawo aiki, kuma ko layi ɗaya bai salwanta ba daga sakamakon jarrabawar ɗalibai da rajistar kuɗin makaranta. Ni ke riƙe da ofishin, don haka ni ya kamata in fito in gode wa waɗanda suka tsaya mana.

Ana dab da raba sakamakon zango na'urar ta ƙi tashi. In an kunna ta sai tambarin Ubuntu, nau'in babbar manhajar Linux da ke tafiyar da ita, ya fito, ta tsaya cak. Kusan duk wanda ya leƙo shawararsa ɗaya ce: faifan ajiya ya mutu, a sayo sabo a loda manhaja. Da an bi wannan, da aikin malamai na shekaru ya bi ruwa.

Godiyata ta farko ga Injiniya, tsohon ɗalibin makarantar nan, wanda ya ajiye aikinsa ya zo. Ya hana a taɓa komai sai an karanta abin da na'urar ke faɗa lokacin tashi. Ya nuna mana cewa a bayan tambarin nan, Linux na rubuta duk abin da yake yi: ya ga faifai, ya ga katin intanet, abu kaza ya amsa, kaza bai amsa ba. Kalmomi biyu ne ke ɓoye rubutun, quiet da splash. Ya buɗe jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke fara tayar da Linux, ya danna harafin e, ya goge su, sai ga rubutu na kwarara. Amma gudunsa ya fi ƙarfin ido, kuma layukan ƙarshe suna ta maimaita kansu har suka kore na farko daga allo. An ɗauki bidiyo da waya, rubutun ya fito dishi-dishi.

A nan ne na fahimci girman matsalar. Saƙonnin suna zama ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, da an kashe wuta sun tafi. Wurin da ya kamata a adana su kuwa shi ne faifan da ya ƙi buɗuwa. Kamar majinyaci ne da ke faɗin inda ke masa ciwo, amma ba mai rubutawa. Injiniya ya ce sai an fitar da saƙonnin zuwa wata kwamfutar tun suna fitowa. Sa'ar da muka ci, tsohuwar na'urarmu tana da kafar siriyal mai fil 9 a bayanta, wadda yawancin sababbi ba su da ita.

Godiya ta biyu ga wani bawan Allah mai shago a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Kebul ɗin da ake kira null modem, mai haɗa kafar siriyal ta kwamfutoci biyu, ba kayan da ake nema ba ne yanzu. Alhaji ya zazzage kwalayen tsofaffin kaya har ya samo shi, tare da mahaɗin da ke juya siriyal zuwa USB, da ya ji na makaranta ne kuma ya ƙi karɓar ko kwabo. Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Da aka haɗa na'urorin biyu, Injiniya ya ƙara console=tty0 console=ttyS0,115200 a layin GRUB domin saƙonnin su riƙa fita ta kafar siriyal, ya buɗe PuTTY, manhajar da za ta karɓe su, a laftof ɗinsa da gudu iri ɗaya, 115200, ya sa ta adana duk abin da ya shigo a fayil. Aka kunna. A karon farko muka samu labarin tashin na'urar daga farko har inda ta maƙale, kowane layi da daƙiƙarsa a gefe.

Samun rubutun daban, gane shi daban. Injiniya ya tura fayil ɗin ga wata Malama da ke koyar da ilimin kwamfuta, wadda ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Cikin dare ta karanta shi layi-layi. Ta ce mu bar kallon kurakuran ƙarshe, domin su sakamako ne, mu koma kan na farko. A can ta nuna mana inda aka rubuta BadCRC da ICRC a gaban ata1, wato sunan mahaɗin faifan, sai hard resetting link, sai na'urar ta rage gudun mahaɗin SATA zuwa 1.5 Gbps. Ta bayyana cewa irin wannan kuskure yana nufin bayanai na lalacewa ne a hanya tsakanin faifai da madabod, kuma galibi kebul ne ko bakin da yake shiga. Ta ce a tashi na'urar da filas a duba lafiyar faifan da manhajar smartctl. A rahoton da ta fitar, lamba 199, mai ƙirga kurakuran hanya, ta yi sama sosai. Lamba 5, mai ƙirga ɓangarorin faifai da suka lalace aka sauya, sifili ce. Faifan lafiyarsa ƙalau. Da aka buɗe akwatin, bakin kebul ɗin faifan ya tsage ya saki, ga ƙura ta taru a wurin.

Aka sa sabon kebul, aka kwafe komai zuwa wani faifan kafin a yi wani abu, sannan aka gyara tsarin fayiloli da fsck. Na'urar ta tashi. Malama ba ta tsaya nan ba. Ta koya wa ma'aikacin ofishinmu umarnin journalctl -b don ganin saƙonnin tashin yanzu, da journalctl -b -1 don na tashin da ya gabata, ta sa aka tabbatar akwai ma'ajiyar fayiloli ta /var/log/journal domin saƙonnin su riƙa zama a faifai. Malama, ilimin da kika bayar kyauta, Allah ya sa shi a mizaninki.

Ina gode wa malamanmu da suka tattaro takardun maki suka shirya sake shigar da su da hannu in ta kama, ba tare da ƙorafi ba. Ina gode wa iyayen yara da suka yi haƙuri da jinkirin sakamako, da maigadinmu da ya riƙa tayar da janareta har tsakar dare, da maƙwabciyarmu Hajiya da ta riƙa aiko wa masu aikin abinci.

Injiniya, kai ɗanmu ne, ka kuma nuna hakan. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanka, ya saka wa kowa da mafificin alheri. Iyaye za su iya zuwa karɓar sakamakon 'ya'yansu a ofis daga ranar Litinin, in sha Allahu.