Harry Hoogstraal, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan kaska

Duk wanda ya taɓa ɗaga wutsiyar saniya da damina ya san kaska. Ga wasu jere a gindin wutsiya, ga wata a hantsa ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar gurjiya, ga ƙanana birjik a wuya da kafaɗa. Makiyayi zai ce duk kaska ce, ya tsince ya watsa a wuta. A wurin Harry Hoogstraal, masanin kaska ɗan Amurka, kuwa, wannan saniyar guda tana iya ɗauke da halittu huɗu ko biyar daban-daban, kowace da inda take kamawa, da lokacin fitowarta, da cutar da take kawowa. Sama da shekara 35 ya yi a Alkahira yana rarrabe su, kuma har yau da wuya a yi rubutun ilimi a kan kaskar Afirka ba a ambaci sunansa ba.

Kaska ba ƙwaro ba ce irin sauro ko ƙuda. Danginta su ne gizo-gizo da kunama: babbarta ƙafa takwas gare ta, ba fiffike, ba 'yan ƙahonnin nan na shinshina. Jaririyarta ce ke rikita mutane, domin da ƙafa shida take fitowa daga ƙwai, sai ta sha jini ta yi saɓa sannan ta cika takwas. Akwai kimanin iri 900 a duniya. Wajen 700 masu tauri ne, masu garkuwa a baya, irin na jikin shanu da karnuka. Wajen 200 masu taushi ne, su ne ke ɓuya a tsagar bangon akurki su fito da dare.

An haifi Hoogstraal a Shikago ta Amurka ranar 24 ga Fabrairu, 1917. Ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Illinois, tun yana ɗalibi yake jagorantar tafiye-tafiyen tattara dabbobi da tsirrai a Meziko. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja a matsayin masanin ƙwari a yankin tekun Fasifik, bayan yaƙi kuma ya jagoranci tawagar gidan tarihin halittu na Shikago a Filifin, daga 1946 zuwa 1947. A 1948 ya shigo Afirka. Daga nan ya zama shugaban sashen nazarin dabbobi masu yaɗa cuta a NAMRU-3, cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwan Amurka da a lokacin take kusa da asibitin zazzaɓi na Abbasiyya a Alkahira, kuma a kan wannan kujerar ya mutu. Digirin dakta ma sai a 1959 ya karɓa a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, bayan ya riga ya fitar da littafin da ya yi suna da shi.

Littafin ya fito a 1956, shafi 1,101, a kan kaskar Sudan, musamman lardin Ikwatoriya wanda yanzu yake cikin Sudan ta Kudu. Sunan ya ƙanƙanta shi, domin a ƙarƙashin kowace kaska ya kawo duk inda aka taɓa samunta a faɗin nahiyar, da dabbobin da take hawa, da yadda take rayuwa, da cutar da ake zarginta da ita, da siffofin da za a gane ta. Kaskar da ke kan shanun Sudan ita ce mafi yawanci ke kan na Chadi da Nijar da Arewacin Najeriya, don haka likitocin dabbobi na wannan yanki suka daɗe suna dogara da shi.

Wanda bai taɓa yin aikin ba zai ɗauka tsintar kaska ce kawai. Ai tun daga cirewa ake ɓata ta. Bakin kaska wani ɗan tsinke ne mai jerin haƙora da suka karkata baya kamar ƙugiya, kuma da yawansu suna zubo wani abu mai danƙo da ke daskarewa ya manne bakin da fata. In aka fizga da yatsa, jikin ya taho, bakin ya saura a cikin saniya: saniya ta samu gyambo, mai bincike kuma ya tashi da kaskar da aka raba ta da babbar shaidarta. Da matsefata ake kamawa, dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba. Sai a saka a 'yar kwalba mai sifirit kashi 70 cikin 100. Wanda ya fi haka ƙarfi yana busar da ita ƙafafu su riƙa karyewa, wanda ya gaza kuma ruɓewa take yi.

Kowace dabba da kwalbarta. Ba a haɗa ta saniya da ta tunkiya ko da garke ɗaya ne. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta, a tura ta cikin kwalbar, domin tawada narkewa take a sifirit, takardar da aka manna a waje kuma ɓallewa take a hanya. A rubuta irin dabbar, da gari, da rana, da wajen jikin da aka cire. Kaskar da ba ta da wannan takarda ba ta da wani amfani ga ilimi, komai kyanta. In dabbar daji ce aka kama, kamar zomo ko bushiya, nan take ake jefa ta cikin jakar ƙyalle a ɗaure, saboda da jiki ya fara sanyi kaska ke saki ta kama gabanta.

Namiji aka fi so wajen tantancewa. Garkuwarsa ta rufe bayansa duka, ba ya kumbura, zanensa da 'yan ramukansa suna nan yadda suke. Mace kuwa garkuwarta ɗan guntu ne a gaba, sauran jikin yana buɗewa har ta ninka nauyinta sau ɗari, siffofi su baje. Ƙanana sun fi wahala, musamman na jinsin Hyalomma, masu ƙafafu da zobe-zobe fari da ja. Dabarar ita ce kada a kashe wadda ta ƙoshi: a ajiye ta da rai a bututun gilashi mai toshin auduga, a wuri mai ɗan laima, har ta yi saɓa ta zama babba, sannan a ga ko wace ce. Laima ta yi yawa, fumfuna ta cinye ta. Ta yi kaɗan, ta bushe.

Da wannan haƙurin aka yi aikinsa da ya fi burge ni, na tsuntsaye masu ƙaura. Masar mashiga ce: da kaka tsuntsaye na ketaro Bahar Rum daga Turai da Asiya su sauka a gaɓar teku a gajiye, da bazara kuma su bi ta nan su koma. A kakar 1959 zuwa ta 1961, Hoogstraal da abokin aikinsa Makram Kaiser da tawagarsu sun duba tsuntsaye fiye da 32,000, ɗaya bayan ɗaya, ana hura gashin kai da na wuya da gefen kunne, inda tsuntsu ba ya iya kai baki ya tsince. Sama da 1,000 na ɗauke da kaska, jimilla 1,761. Adadin kamar kaɗan ne, sai an tuna miliyoyin tsuntsayen da ke wucewa duk shekara. Masu tafiya kudu suna kawo Hyalomma marginatum ta Turai da Asiya, masu komawa arewa kuma suna ɗauke da Hyalomma rufipes, wadda ke cike a kan shanunmu.

Dalilin da wannan jinsin ke iya doguwar tafiya yana cikin yadda yake rayuwa. Jaririyar ta hau tsuntsu ko zomo ta sha jini, ta yi saɓa a jikinsa ba tare da ta sauka ba, ta sake sha. Mako biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, tana manne da tsuntsu guda, kuma wannan ya ishe shi ya ketare hamada da teku. In ta sauka ta zama babba, saniya ko raƙumi ko mutum take nema, kuma ba ta zama a kan ciyawa tana jira kamar sauran, bin dabba take da gudu a ƙasa.

Ita ce kuma babbar mai yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kongo. An fara ganin cutar a Kirimiya a 1944 a jikin sojojin Tarayyar Sobiyet, aka samo wani bairas a Kongo a 1956, sai a 1969 aka tabbatar abu ɗaya ne. A 1979 Hoogstraal ya fitar da nazari mai sama da shafi 100 da ya tattaro duk abin da aka sani a nahiyoyi uku. Ya iya yin haka ne saboda ya daɗe yana sa ana fassara masa rubuce-rubucen masana na Rasha zuwa Turanci yana rarraba wa masu bincike, a zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji. Najeriya na cikin labarin: masu bincike a Jami'ar Ibadan sun ba da rahoto a 1970 cewa sun samu bairas ɗin a jikin shanu da akuya da bushiya da kaska.

Wannan ya shafi mahauta da makiyaya da duk mai yanka ranar Layya. Dabbar da ta kamu ba ta nuna alamar ciwo, amma bairas yana yawo a jininta kimanin mako guda. Mutum na kamuwa ta cizon kaska, ko murje ta da yatsa, ko taɓa jinin dabbar da hannu mai rauni. Bayan cizo alamu na fitowa cikin kwana 1 zuwa 3, bayan taɓa jini kuma kwana 5 zuwa 6, kuma cutar na kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kwanta. Shi ya sa ake ba da shawarar a yi wa dabba maganin kaska mako biyu kafin yanka. Al'adar fasa kaska tsakanin farce biyu kuwa ya kamata a bar ta.

Wani misalin na amfanin kiran kaska da sunanta na gaskiya ya fito ne daga bishiyoyin da balbela ke kwana a kusa da Alkahira. A 1953 an samo wani bairas, aka sa masa sunan ƙauyen Quaranfil, daga jinin yara masu zazzaɓi da kuma wata kaska mai taushi da kowa ya ɗauka Argas persicus ce, wato ta kaji. A 1964 Kaiser da Hoogstraal da Glen Kohls suka nuna wata ce daban, suka kira ta Argas arboreus, mazauniyar ɓawon bishiya mai shan jinin balbela. Da an ci gaba da ɗaukar ta a matsayin ta kaji, da akurki za a yi ta bi da feshi, tushen abin yana can saman bishiya.

Haka lamarin yake a garke. Amblyomma variegatum, mai ado kamar an yi mata zanen lalle, dabba uku take hawa a rayuwarta, tana sauka ƙasa bayan kowane sha. Manyanta na fitowa da farkon damina, su kama hantsa da maraina da ƙirji da dogon bakinsu, su buɗe wa kirci hanya, su kuma kawo cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya. Tunda wurarenta sanannu ne, ana iya bin su da hannu ko da feshi a daidai wurin. 'Yar shuɗiyar nan da aka daɗe ana kira Boophilus kuwa saniya guda take hawa, ta yi kusan mako uku a kai daga jaririya har ta ƙoshi ta faɗi, kuma ita ke kawo fitsarin jini. Feshin da ya wuce mako uku tsakani yana ba ta damar kammala zagayenta ta zuba ƙwai. Ga kuma kuskuren da ake yawan yi na tsinka magani don ya auku: amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 mililita 2 ake zubawa a lita guda ta ruwa, in aka rage sai masu juriya su tsira su hayayyafa. Kuma ba a kusantar doki da shi, guba ne a gare shi.

Hoogstraal bai ga shigowar Rhipicephalus microplus Afirka ta Yamma ba. An ba da rahotonta a Kwaddibuwa a 2007, ta zo tare da shanun da aka shigo da su daga Barazil, ta bazu zuwa maƙwabta. Ta fi 'yar shuɗiyar nan ta gida saurin haihuwa da jure magani, amma da ido ba a bambance su. Sai an kwantar da bakin a ƙarƙashin madubin ƙara girma an ƙirga haƙora: ta gida, decoloratus, jeri uku-uku gare ta, baƙuwar huɗu-huɗu. Wanda ya fizge kaskarsa ya bar bakin a jikin saniya ba shi da abin ƙirgawa.

Sauran ayyukansa suna da yawa. Ya yi shekaru a kan jinsin Haemaphysalis na Asiya, wanda ɗaya daga cikinsa ke yaɗa cutar dajin Kyasanur a Indiya. Ya yi binciken kala-azar, wata cutar zazzaɓi mai kumbura saifa, a yankin Malakal da yanzu yake cikin Sudan ta Kudu. Ya tattara jerin duk rubutun da aka taɓa yi a kan kaska tun zamanin tsoffin Girkawa, juzu'i bayan juzu'i, daga 1970. Rubuce-rubucensa sun haura 500, halittun da aka raɗa wa sunansa sun kai wajen 200, har da wani ɓeran hamada na Maroko, Gerbillus hoogstraali.

Ya rasu a Alkahira da ciwon sankarar huhu ranar 24 ga Fabrairu, 1986, ranar da ya cika shekara 69. Kwalaben kaskarsa sun koma hannun cibiyar Smithsonian, suka shiga cikin babbar taskar kaska ta Amurka mai ɗauke da fiye da miliyan guda, wadda tun 1990 take ajiye a Jami'ar Georgia Southern da ke garin Statesboro.