Godiya bayan baje kolin ɗalibaina

Alhamdulillah. Sai yau na samu sukunin rubuta wannan, don tun ranar Asabar gajiya ta hana ni komai. Wata ukun da muka yi muna fama da ƙananan motocin katako da ƙwai ya zo ƙarshe lafiya. Wanda ya bi mu tun farko ya san wahalar da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Abu guda ne ya ƙi barin raina. Da aka kira rukuni na huɗu, yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga hannu a ajin fiziks ba ita ta ɗora motarsu a kan gangaren ta saki. Motar ta daki bango, ƙwan ya fashe a gaban iyaye da alƙalai. Wallahi gabana ya faɗi, domin na san abin da yawancin mutanen zauren ba su sani ba: hatsarin mota ne ya raba ta da mahaifinta. Ta tsaya tana kallon ƙwan, hannunta na rawa, ni kuma na rasa ta cewa.

Sai Baba bakanike, wanda ya haɗa mana gangaren kyauta, ya taso daga baya ya durƙusa kusa da ita. Ya juya motar ya ce, "'Yata, gabanta ya yi tauri ne. Me kika gaya mini rannan?" Da ƙyar muryarta ta fito. Ta ce idan gaban mota ya lotse, lokacin tsayawa yana ƙaruwa, ƙarfin bugun da zai kai ga fasinja sai ya ragu. Ta cire katakon gaban ta sa kwali mai ninki, ta ɗaure sabon ƙwai da roba ta kafaɗa da ƙugu, ta sake saki. Kwalin ya lotse, ƙwan ko tsagewa bai yi ba. Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya jiɓinci lamarin 'ya'yanka kamar yadda ka tallafi marainiyar nan.

Na yi shekaru ina rubuta dokokin Newton a allo yara na hamma. Ranar nan da kunnena na ji wani yaro yana gaya wa babansa cewa idan gudu ya ninka biyu, kuzarin motar ninkawa huɗu yake yi, kuma karo a gudun kilomita 50 a awa tamkar faɗowa ne daga tsayin mita 10. Wata kuma ta ba da labarin Nils Bohlin, injiniyan Volvo da ya ƙera bel mai maɗauri uku a 1959, da yadda kamfanin ya bar sauran masu ƙera mota su yi amfani da shi kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, shi ya sa ban ɗauki aikin nan wasan yara ba.

Shugabarmu, na san ba kya son a ambace ki, ki yi haƙuri. Ke kika bar mana ɗakin gwaji har dare lokacin da wasu ke cewa ɓata lokaci muke yi. Allah Ya ƙara girma. Baba maigadi da ke jiranmu ya kulle ƙofa, da uwargida da ta jure tarkacen kwali a falo, Allah Ya biya ku.

'Yan uwan da suka yi alkawarin zuwa ba su zo ba, har na ajiye muku kujeru a sahun gaba. Ba komai, wataƙila uzuri ne ya tsare ku.

Allah Ya jiƙan mahaifin yarinyar nan, Ya yi wa ɗalibaina albarka, Ya kiyaye mu a kan hanya. Amin.