Saƙon Godiya Daga Iyalinmu Bayan Ambaliyar Maiduguri

A madadin kaina da uwargidana da 'ya'yanmu, ina miƙa godiya ga Allah Uban Ubangijinmu Yesu Kristi, sa'an nan ga dukan iyaye da 'yan'uwa da suka halarci sujadar godiya da muka yi ranar Lahadin da ta wuce, saboda komawarmu gida da sake buɗe shagon ɗinkinmu.

Duk wanda yake Maiduguri a daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar Talata 10 ga wata, bai buƙatar a ba shi labarin abin da ya faru sa'ad da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga unguwannin Fori da Galtimari da Gwange, ya kai har babbar kasuwa da fadar Shehu, abin da dattawa suka ce rabonsu da ganin irinsa tun 1994. Mun fita da kayan jikinmu kawai. Kekunan ɗinki sun kwana cikin laka, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadduka da shaddoji da atamfofin jama'a da aka bar mini amana, domin duk sun lalace.

Godiyarmu ta farko a cikin mutane tana ga maƙwabtanmu Musulmi, matasan da suka ɗauki Mama a kafaɗa cikin duhu har suka kai ta tudu, ba su tsaya tambayar addinin kowa ba. Allah ya saka musu da alheri, ya albarkaci iyayen da suka yi musu tarbiyya.

Muna godiya ga Baba Fasto da dattawan ikilisiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda suka buɗe majami'a ta zama masauki, da matasa da ƙungiyar mawaƙa da suka kwashe taɓo daga ɗakunanmu. Amma iyayenmu na Zumuntar Mata sun cancanci a daɗe a kan maganarsu. Da yawansu su ma ruwan ya cinye musu gida, wasu kuma suna cikin waɗanda suka taɓa gudun hijira a 2014, shekarar da hedkwatar ikilisiyarmu da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, saboda haka sun san ɗacin rasa komai. Duk da haka, kullum kafin a ɗora tukunya sai sun tara mu an yi waƙa da addu'a, kuma kafin su zuba wa 'ya'yansu sai sun zuba wa tsofaffi da marasa lafiya. Ganinsu ya tuna mini da gwauruwar Zarefat a cikin 1 Sarakuna 17, wadda ta fara toya wa annabi Iliya waina daga ɗan garin da ya rage mata ita da ɗanta. A wurin waɗannan iyaye mata na ga ma'anar sa Allah a gaba, domin sun yi hakan a ranar da ba su da ragowar da za su bayar.

Misalinsu ne ya taimake mu sa'ad da gudummawa ta fara shigowa daga 'yan'uwa a Jos da Kaduna da Mubi da Biu. Bukatu sun yi layi: katifa, kuɗin makaranta, gyaran bango, sabon keken ɗinki. Muka zauna da uwargida muka karanta Matiyu 6:33, inda Ubangiji ya ce mu fara neman Mulkin Allah da adalcinsa, muka kuma lura cewa ya faɗi haka ne ga mutanen da suke damuwa da ci da sha da sutura, wato irinmu. Sai muka yanke shawara mu fitar da zakka tukuna, mu biya masu kayan da suka lalace a hannunmu, mu sallami yaran shago haƙƙinsu, kayan ɗaki kuwa su jira. Wasu masoya sun ce ba wanda zai zarge mu tunda ba sakacinmu ba ne, kuma maganarsu tana da hujja. Sai dai mu a ganinmu adalcin da ayar ta ambata ya haɗa da amanar mutane, kuma baikon da mutum ya kai bagade alhali haƙƙin ɗan'uwansa yana wuyansa ba shi da daɗin kai wa.

Ina so in faɗi wani abu a fili saboda matasa masu karantawa. Sa Allah a gaba ba ciniki ba ne, domin ruwan bai bambanta gidan mai ba da zakka da na wanda ba ya bayarwa ba, kuma akwai masu bi da suka fi mu aminci waɗanda suka rasa 'yan'uwa, har yanzu suna makoki. Abin da muka samu shi ne kwanciyar rai da sanin abin da za a fara yi kowace safiya, tun daga addu'ar iyali kafin kowa ya taɓa waya.

Muna godiya ta musamman ga abokan cinikin da suka yafe kayansu, da dattijon da ya ba mu aron keke bai sa mana ranar mayarwa ba, da ma'aikatan lafiya da suka duba yara a sansani. Waɗanda ba mu ambata ba su yi mana gafara, Ubangiji da yake gani a ɓoye ya sāka muku.

Har yanzu akwai waɗanda ba mu kai ga biyansu ba, saboda littafin da muke rubuta sunaye ya tafi da ruwa. Muna roƙon duk wanda ya san yana da kaya a wurinmu ya zo shago kowace rana daga Litinin zuwa Asabar, kada ya ji nauyi. Muna kuma roƙon ikilisiya ta ci gaba da tunawa da iyalan da ba su koma gidajensu ba, cikin addu'a da kuma baiko.

Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.