Haura kogi da jirgin da muka saya na hannu

Da sassafe muka baro gaɓar da aka sayar mana da jirgin, ni da ƙanena, za mu haura kogi zuwa inda za a riƙa ɗaure shi. Injinsa irin wanda ake ratayawa a baya ne, mai ƙarfin doki 40, ana garwaya masa mai kashi 1 cikin fetur kashi 50. Sitiyari da hannun totur suna gaba, kebura biyu, na giya da na totur, da damin wayoyi sun bi gefen jirgin zuwa injin. A wannan tsakanin duk matsalolinmu suka fito.

Da muka tsaya ƙara mai a wata gaɓa mai yashi, na murɗa makulli, sai muka ji ƙas kawai, sitata ba ta juya ba. Mitar auna ƙarfin wuta ta nuna batirin yana da bolt 12.6, wato cike yake. Na ce wa ƙanena ya riƙe makullin a murɗe, na auna a jikin sitata, wutar ba ta kai bolt 8 ba. Ke nan a hanya take zubewa, alhali abin da ya kamata waya ta ci bai wuce rabin bolt ba. Da na yanke robar babbar wayar kusa da kan batir, tagullar ta yi kore, tana marmashewa a yatsa. Muka yi ta yankewa har muka iske jar tagulla, muka matse sabon kai, muka goge kan batirin da samfefa, muka ɗaure da sifana sannan muka shafa giris. Da ko ƙas ɗin ba mu ji ba, fis za mu fara dubawa, sai maɓallin da ke hana injin tashi in giya ba ta firi.

Wajen azahar, muna tsakiyar ruwa, injin ya ɗauke lokaci guda. Ƙarancin mai yakan sa inji ya yi ta tari kafin ya mutu, irin wannan ɗaukewar kuwa ta wuta ce. Muka jefa anga. Sitata na juyawa, amma fulogi babu tartsatsi.

"Yaya, ko kwayil ne ya ƙone?"

Na ce a fara da abin da ya fi sauƙi. Igiyar tsaro da direba ke ɗaurawa a hannu tana nan maƙale a wurinta. Ita da makulli suna kashe inji ne ta hanyar haɗa wayar kashewa da jikin ƙarfe, don haka in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a ko'ina, wuta ba za ta zo ba. Na zare wayar daga akwatin wutar injin, tartsatsi ya dawo shuɗi. Muka bi wayar da yatsa har ƙarƙashin benci, inda bakin wani ƙarfe ya cinye robarta. Muka naɗe ta, muka mayar da ita wurinta kafin mu tashi, domin in tana zare makulli ba zai kashe injin ba, kuma wannan haɗari ne a kan ruwa.

Totur ɗin tun safe yake da nauyi, kuma ko an tura hannun har ƙarshe jirgin ba ya sakin jiki. A inuwar wasu itatuwa muka kashe inji, na cire kebur ɗin daga wajen injin. Hannun kafireto yana motsi sumul da yatsa, kebur ɗin ne ke cijewa. Wanda ya haɗa shi ya lanƙwasa shi sosai a kusurwar baya, alhali faɗin lanƙwasar bai kamata ya gaza santimita 20 daga tsakiya ba. Muka sassauta shi, muka murɗa kan kebur ɗin har ya zamana a firi hannun kafireto yana zaune a kan kusar sulo, wadda ke tsai da mafi ƙarancin gudun inji, a ƙarshen turi kuma murfinsa na ciki ya buɗe gaba ɗaya. Kebur ɗin giya ban taɓa ba sai da ƙanena yana juya farfela da hannu, makulli a cire, don kada haƙoran giyar su dunƙule.

Kafin magariba muka iso. Injin yana aiki mita ta nuna bolt 13.8, caji lafiya. Kebur ɗin totur dai na canji ne, robarsa ta tsage kuma ruwa ya shiga, sai na kwafe tsawonsa da ke rubuce a jikin robar don a sayo daidai da shi.