Zaɓen Jamus na 2025: da gaske ƙasar ta koma hannun 'yan mazan jiya?

Ƙarfe shida na yammacin 23 ga Fabrairu, 2025 aka rufe rumfunan zaɓe a Jamus, kuma tun ba a gama ƙidaya ba kanun labarai suka yanke hukunci: ƙasa ta juya wa masu sassauci baya, 'yan mazan jiya sun dawo. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiya ce mai harshen damo. Wanda yake son ya san inda ƙasar ta dosa sai ya zauna da alƙaluman ya warware su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren farko shi ne a dubi wanda ya zo na ɗaya a tsaya nan. Ƙawancen 'yan mazan jiya na CDU da ƙanwarta CSU ta jihar Bavariya, ƙarƙashin Friedrich Merz, ya samu kashi 28.5 cikin ɗari. Ya ƙaru daga kusan 24 na 2021, ba musu. Sai dai sakamakon 2021 shi ne mafi muni da suka taɓa samu tun 1949, na 2025 kuwa shi ne na biyu wajen muni. Angela Merkel ta kawo musu 41.5 a 2013. Jam'iyyar da ta sauko daga 41 zuwa 28 cikin shekara goma sha biyu ba guguwa ce ta kawo ta ba, abokan hamayyarta ne suka fi ta faɗuwa. SPD, jam'iyyar shugaban gwamnati na lokacin Olaf Scholz, ta rikito daga 25.7 zuwa 16.4, abin da ba ta taɓa gani ba tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a haɗa jam'iyyu gida-gida. Ɗauki duk na ɓangaren dama, wato CDU da CSU, da AfD mai ƙyamar baƙi wadda ta samu 20.8, da FDP ta 'yan kasuwa mai 4.3. Jimla 53.6. A 2021 waɗannan gaba ɗaya ba su wuce 46 ba. Ƙarin kusan maki takwas ke nan, kuma wannan motsi ne na gaske. Amma koma 2013 ka yi lissafin: 41.5 da 4.8 na FDP da 4.7 na AfD, ya ba ka 51. Ashe gidan bai yi wani girma na a-zo-a-gani ba. Abin da ya canza shi ne rabon ɗakuna a cikinsa. A 2013 AfD ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'un gidan ba, a 2025 ta samu kusan kashi biyu cikin biyar.

Nan ne kalmar "mazan jiya" take ruɗar da mai karatu. Ɗan mazan jiya irin na CDU yana son Tarayyar Turai, yana son NATO, yana son kuɗin Yuro, yana goyon bayan Yukren. AfD an kafa ta ne a 2013 kan adawa da ceto ƙasashen Yuro masu bashi, tana son a sassauta wa Rasha, kuma hukumar tsaron cikin gida ta daɗe da sa mata ido. Zuba su a kwando ɗaya kamar a haɗa manomi da makiyayi ne don duka a daji suke wuni. Ƙiyasin da aka yi a ranar zaɓe ya nuna AfD ta kwashe kusan ƙuri'a miliyan ɗaya daga CDU da CSU kansu, da kusan miliyan 1.8 daga mutanen da a baya ba sa fita zaɓe. Fitowar jama'a ta kai kashi 82.5, mafi yawa tun haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990. Wanda bai taɓa zaɓe ba sai a wannan karon ba za a ce ya sauya ra'ayi ba, fitowa kawai ya yi.

Sai batun kujeru, inda dokar zaɓe take yi wa alƙaluma kwaskwarima. Takardar ƙuri'ar Jamus rabi biyu ce. Hagu an buga shi da baƙin tawada, nan ake zaɓen ɗan takarar mazaɓa, mazaɓu 299. Dama kuma da shuɗi, nan ake zaɓen jam'iyya, kuma wannan ƙuri'a ta biyu ita ke raba kujeru 630 na majalisar Bundestag. Jam'iyyar da ba ta kai kashi biyar ba, ba ta kuma ci mazaɓu uku ba, ba ta da kujera, in ban da jam'iyyun ƙananan ƙabilu. FDP ta faɗa wannan rami. Jam'iyyar BSW ta Sahra Wagenknecht ta tsaya a 4.98, ƙuri'a ƙasa da dubu goma suka hana ta shiga, a ƙasar da kusan mutum miliyan hamsin suka jefa ƙuri'a. Da ta shiga, an sake rabon kujeru, CDU da CSU da SPD ba za su kai rinjaye su kaɗai ba, dole a nemo jam'iyyar Greens ta masu kare muhalli. Da yanzu wani labarin ake bugawa, alhali ra'ayin jama'a bai motsa ko taku ɗaya ba.

Taswirar da ake yaɗawa, yamma baƙi wuluk na CDU da CSU, gabas shuɗi na AfD, ita ma tana da nata ƙarin gishirin. Launi ɗaya ake shafa wa mazaɓa ko an ci ta da kashi 30 ko da 50. AfD ta zo ta ɗaya a duka jihohin gabas biyar, a Turingiya ta haura 38, amma jihar North Rhine-Westphalia ita kaɗai ta fi su biyar ɗin yawan jama'a. Matasa 'yan 18 zuwa 24 kuwa, jam'iyyar Die Linke ta 'yan gurguzu suka fi zaɓa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, AfD na biye da ita. Matasan ba su koma dama ba, tsakiya suka watsar.

Kada kuma a manta da haushin mai mulki. Tattalin arzikin Jamus ya ja baya a 2023 da 2024, kuɗin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabi bayan yaƙin Yukren, gwamnatin jam'iyyu uku ta Scholz ta shafe shekaru tana cacar baki har ta watse ranar 6 ga Nuwamba, 2024 da ya kori ministan kuɗi Christian Lindner. A 2024 ɗin, a ƙasashe da dama, masu mulki sun sha ƙasa ta kowane ɓangare. A Birtaniya 'yan mazan jiyan ne aka kora bayan shekara 14. A Ghana NPP ce ta faɗi, John Mahama ya dawo. Tsadar rayuwa ba ta tambayar aƙida.

Gwajin da ya fi kowanne nauyi shi ne abin da aka yi da mulkin. Merz ya yi yaƙin neman zaɓe a matsayin mai tsuke bakin aljihu. Ko wata ɗaya ba a yi da zaɓe ba, ranar 18 ga Maris, ya haɗa kai da SPD da Greens aka gyara tsarin mulki: aka cire kuɗin tsaro da ya haura kashi ɗaya na arzikin ƙasa daga dokar taƙaita cin bashi, aka buɗe asusun Yuro biliyan 500 don hanyoyi, jiragen ƙasa da makamantansu, biliyan 100 daga ciki na sauyin yanayi. Da tsohuwar majalisa aka yi wannan cikin gaggawa, domin a sabuwar AfD na da kujeru 152, Die Linke 64, jimla 216, sun haura kashi ɗaya cikin uku da ke iya toshe gyaran tsarin mulki. Ranar 6 ga Mayu kuma Merz ya zama ɗan takarar shugaban gwamnati na farko da ya faɗi a zagayen farko na ƙuri'ar majalisa: ƙawancensa na da kujeru 328, ana buƙatar 316, ya samu 310. Sai a zagaye na biyu ya tsallake da 325.

Inda juyin ya tabbata ba tantama shi ne batun baƙi. Hare-haren Solingen, Magdeburg, Aschaffenburg da Munich sun mamaye kamfen, har a ƙarshen Janairu Merz ya bari wani ƙudurinsa ya wuce da ƙuri'un AfD, abin da ya fito da dubun dubatar mutane kan tituna. Da aka kafa gwamnati, ministan cikin gida Alexander Dobrindt ya ba da umarnin mayar da masu neman mafaka daga kan iyaka, ko da yake wata kotu a Berlin ta ce mayar da wasu 'yan Somaliya uku da aka yi ya saɓa doka. An dakatar da kawo iyali na shekara biyu ga masu ƙaramar kariya, wato 'yan gudun hijirar da ba su samu cikakkiyar mafaka ba. SPD, wadda a da za ta tayar da jijiyar wuya, ta sa hannu.

Ko a nan ma ba a rushe komai ba. 'Yan Najeriya, Ghana da Nijar mazauna Hamburg ko Frankfurt sun fi damuwa da dokar zama ɗan ƙasa ta 2024, wadda ta rage jira daga shekara takwas zuwa biyar ta kuma yarda da fasfo biyu. CDU ta yi alkawarin soke ta. Da aka zauna ciniki da SPD, hanyar gaggawa ta shekara uku kaɗai aka cire. Shekara biyar ɗin da fasfo biyun suna nan daram.