Babura uku a hanyar Daura

Shekara biyu ina tara kuɗin babur na doguwar tafiya, abokaina kuma suka ce kada in kuskura in saya sai na hau nasu na ji a jikina. Ranar Asabar, bayan sallar asuba, mu uku muka kama hanyar Daura daga Kano. Ɗaya ya zo da BMW R 1250 GS, ɗaya da Honda Africa Twin, ni kuma aka aro mini Yamaha Ténéré 700. In mun yi nisa sai mu tsaya mu yi musanya.

BMW na fara karɓa. Girman injinsa cc 1254 ne, silinda biyu a kwance, ɗaya ta leƙo dama, ɗaya hagu. In ka murza totur kana tsaye, sai ka ji ya ɗan karkata gefe kamar doki yana gyara tsayuwa. A kan kwalta, tun daga Dawanau har kusa da Kazaure, wallahi ban taɓa jin daɗin zama a babur haka ba. Gilashin gaba ya tare mini iska, sirdin kamar kujerar falo, kuma ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, saboda haka babu zancen wanki da shafa mai bayan kowace tafiya. Sai dai kilo 249 ne in tanki ya cika. Yana gudu ba ka sanin yana da nauyi, amma da muka tsaya shan shayi na zo juya shi a cikin yashi, sai da na tattaro duk ƙarfina.

Africa Twin ɗin abokina irin mai canja giya da kansa ne, DCT, babu hannun kulochi sam. Yatsuna na hagu suka yi ta laluben abin da babu. Babur ne mai hankali, ga laushi a gargada, kuma a cunkoson cikin gari zai hutar da mutum. Ni dai na fi son in sa giyata da ƙafata.

Ténéré kuwa, sunan ma ya isa ya ja ni. Sunan hamadar nan ce ta gabas da Agadez, wadda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Bilma ɗauko gishiri, kuma tun 1983 Yamaha ke sa wa baburansa sunan, zamanin da tseren motoci da babura na Paris-Dakar ke bi ta can. Injinsa cc 689, tankinsa lita 16, sirdinsa siriri, mai tsawo, ni da ba dogo ba da ƙyar tafin ƙafata ke taɓa ƙasa. A kwalta iska ta dake ni sosai, bayan awa guda na fara gyara zama. Amma da muka sauka burji bayan Kazaure, na miƙe tsaye a kan matakai, tayar gaba mai inci 21 ta riƙa haye ramuka da kwazazzabai, sai na ji kamar da ni aka auna shi. Ya fi BMW sauƙi da fiye da kilo arba'in, kuma a rairayi kowane kilo hannunka ne ke biyansa.

A Daura wani bakanike ya zagaya baburan uku a hankali. Ya tsuguna gaban Yamaha, ya bi wayar totur da yatsa har ƙasa, ya taɓa sarƙa, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan in ya tsaya maka a daji, zan iya buɗe shi."

Mai BMW ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da tafiyarka duk ƙauye da gona, ai an gama magana." Shi Abuja yake zuwa da matarsa a baya, nasa ya dace da shi. Ni Ténéré zan saya, kuma in Allah ya yarda tafiyar farko ta Kongolam zan bi, in wuce Matamaye, in kwana a Damagaram.